Murya Tata, Kambu Nasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu tura waƙa a kasuwar Ƙanƙara, ko a Sheme ranar kasuwa, ko a bakin titin Sabuwa, ya san yadda cinikin yake. Ka miƙa memori, yaro ya cusa a kwamfuta, ya ce maka, "Yallaɓai, na wa za a zuba?" Sai ka lissafo: Breaker, Umar M. Shareef, Nura M. Inuwa, Gwanja, Rarara. Kowa da foldarsa. Ka koma gida ka kunna, ka tarar a waƙoƙi da dama mace ce ke ɗauke da rabin baitocin, wani lokaci ma amshinta ne ke maƙale maka a kai har ka yi barci. Wace ce ita? Yaron bai sani ba. Kai ma ba ka sani ba. Wayar da ke hannunka ma ba ta sani ba.

Mu da muke wannan rubutu ba mawaƙa ba ne, ba kuma malaman adabi ba. Kimiyyar kwamfuta muka karanta, rubuta manhaja ce sana'armu. Darasin farko da sana'ar ta koya mana shi ne: kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka rubuta mata a gurbi. Abin da ba a rubuta ba, a wurinta babu shi. Daga nan muke son mu kama zancen yadda masu sharhi da masu ba da kambu ke yi wa mawaƙanmu mata, domin zaluncin ba ranar bikin karramawa yake farawa ba. Tun a gurbin suna aka gama shi.

Kowace waƙa da aka ɗora a Audiomack ko Boomplay ko YouTube tana da gurabe: sunan waƙa, sunan mawaƙi, shekara. Da sunan da ke gurbin mawaƙi ake ƙirga yawan saurare. Asusun mai sunan ne kuɗi ke shiga. Shi manhajar za ta riƙa tallata wa sauran jama'a. Ɗan jarida da zai yi sharhi, sunan da ya gani zai nema ya yi hira da shi. Masu shirya gasa kuma idan sun zauna fitar da gwanaye, waɗanda suka yi tashe a lissafin suke dubawa. To macen da aka bar gurbinta fayau fa? Ba a ƙirga ta ba, ba a biya ta ba, ba a neme ta ba, sannan a ƙarshen shekara wani ya gyara zama ya ce ai mata ba su taɓuka komai ba bana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba ji muka yi ba, da mu aka yi. Wasu masu shirya bikin karrama mawaƙa sun taɓa ba mu aikin gina shafin jefa ƙuri'a. Da suka turo jerin waƙoƙin da za a zaɓi gwarzuwar shekara a cikinsu, muka saurare su ɗaya bayan ɗaya, muka ji yawancinsu na mutum biyu ne, namiji da mace, amma suna ɗaya aka rubuto. Muka ce a bari mu ƙara gurbi na biyu, aikin da bai kai shan shayi ba. Amsar da aka ba mu ita ce, "Ai ba a saba ba. Kuma su mata ga rukuninsu can." Rukunin nasu guda ɗaya ne tal, a can ƙasan shafi. Muka yi shiru, muka gina yadda aka ce, muka karɓi kuɗinmu. Don haka idan muna nuna yatsa a yau, sauran yatsun mu suke kallo.

Wannan ɗabi'a ta girmi intanet, kuma shaidarta tana nan maƙwabtanmu, a Funtuwa. Garin ya riƙe manyan mawaƙa biyu a zamani ɗaya: Alhaji Mamman Shata da Hajiya Sa'adatu Barmani Choge. Shata ya sami lambar girmamawa ta ƙasa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Bayan rasuwarsa a 1999, 'ya'yan wannan yanki namu ne suka tsaya suka rubuta tarihinsa: Ibrahim Sheme da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara suna cikin waɗanda suka fitar da Shata Ikon Allah a 2006. Aiki ne da muke alfahari da shi, kuma Shata ya cancanci fiye da haka.

Amma Barmani fa? Matar da ta shafe shekaru tana kiɗan ƙwarya, ta zama bakin matan da ba a ba su baki ba. Ta yi waƙa a kan kishi, a kan haihuwa, a kan mace ta tashi ta kama sana'a kada ta zauna jiran hannun wani. Babu gidan biki daga Faskari zuwa Sabuwa da iyayenmu mata ba su taka rawar amadarta ba. Ta rasu a 2013. Gaskiya ne masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu a kanta, ɗalibai ma sun yi kundaye suna nan jibge a ɗakunan karatu na jami'o'i. Amma je teburin mai sayar da littattafai ka ce a ba ka tarihin Barmani mai kaurin na Shata, ka ga kallon da za a yi maka. Kuma ka lura da yadda muke ambaton su: idan Shata ya yi batsa a waƙa, sai mu ce azanci ne da gwanintar harshe. Idan Barmani ta yi, sai mu yi murmushi mu ce ai ka san sha'anin mata. Abu ɗaya, mudu biyu.

Mudun nan biyu shi muke aunawa da shi har gobe. Ɗauki sharhin da ake yi wa sabuwar waƙar namiji a rediyo ko a Facebook: za a yi maganar ma'anar baiti, da salon kiɗa, da wanda yake yi wa habaici. Ɗauki wanda ake yi wa mace: shekarunta nawa, me ya sa ba ta yi aure ba, me ya fito da ita daga gidan miji, ina mayafinta, wa ya saya mata mota. Shi ana auna waƙarsa, ita ana auna tarbiyyarta. Ko yabon ma da ake mata bai wuce "zaƙin murya" ba, kamar wata sarewa ce da aka busa, ba mutum mai tunani da ya san inda zai ja numfashi da inda zai karya murya ba.

A 2016, da Rahama Sadau ta fito a bidiyon waƙar ClassiQ, ƙungiyar MOPPAN ta kore ta daga Kannywood. Za a ce ai ƙungiya 'ya'yanta kaɗai take iya hukuntawa. Mun ji. To bakin gari fa, wa ya hana shi raba laifin biyu? Waƙar ta namiji ce, dutsen kuwa kan macen ya sauka. A ɗaya gefen, a 2018 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙa. Ado Gwanja kuma, saboda ƙwarewarsa a waƙoƙin bikin mata, Limamin Mata ake ce masa. Ba mu ƙi su da ko ɗaya ba. Abin lura dai shi ne, hatta fagen da Uwaliya Mai Amada da Barmani suka share da hannunsu, yau namiji ne ke riƙe da tutarsa. Waɗanda suka fasa wannan katanga har aka san sunansu, irin su Fati Nijar da Maryam A. Baba da Fantimoti da Hairat Abdullahi, da ƙarfin tsiya suka fasa, ba don mun buɗe musu ƙofa ba.

Mun san abin da za a ce mana, don haka bari mu tare shi.

Za a ce muryar mace al'aura ce. Wannan zance ne na malamai, akwai saɓani a cikinsa, mu kuma ba mu isa mu yi fatawa ba. Wanda ya riƙi wannan fahimta ya ƙaurace wa waƙar baki ɗaya, muna girmama shi, domin maganarsa da aikinsa sun zo ɗaya. Wanda ba mu yarda da shi ba shi ne mai kiran mace situdiyo ta rera, ya sayar da muryar, ya cika filin kamfe da ita, ya sa ta a kiran wayarsa, sai an zo rubuta suna da rabon riba ya tuna da kunya. Idan muryar ta halatta a sayar, yaya sunan mai ita ya haramta a faɗa?

Za a ce ai an biya ta ladan aikinta tun a situdiyo. Haka ne, sau ɗaya. Waƙar kuwa za ta shekara biyar tana kawo kuɗi da suna da gayyatar biki. Wanda ya yi noman haɗin gwiwa aka sallame shi da kuɗin tuwon rana, aka kwashe amfanin gona, ba a ce an biya shi ba.

Za a ce ba ita ta rubuta baitocin ba. To a rubuta wanda ya rubuta a gurbinsa, a rubuta wadda ta rera a nata. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya ya kamata mu fi kowa sanin wannan. A 1949, faifan waƙar fim ɗin Mahal bai ɗauki sunan Lata Mangeshkar ba, sunan da jarumar ta fito da shi a fim aka buga. Masu saurare ne suka dami gidan rediyo da tambayar mai muryar. Ita kuma ba ta yi shiru ba, ta ja daga har gasar Filmfare ta buɗe rukunin masu rera waƙar fim a 1959, ta zama ta farko da ta ci. A 2001 Indiya ta ba ta Bharat Ratna, lambar girmamawa mafi girma a ƙasar. Mun kwaikwayi rawarsu da kiɗansu, wannan ne kaɗai muka ƙi kwaikwaya.

Hujja ɗaya ce muke ganin tana da nauyi: wasu matan da kansu suke roƙon a ɓoye sunansu, saboda miji, ko dangi, ko tsoron kada a rasa manemi. Wannan gaskiya ne, kuma haƙƙinsu ne. Amma mu tambayi kanmu, wa suke tsoro? Bakinmu. Sannan a matsayinmu na masu sana'ar, muna tabbatar muku gurbin da jama'a ke gani daban, gurbin biyan kuɗi daban. Ana iya sa mata laƙabi a fili, kasonta ya shiga asusunta a ɓoye. Sirrinta ba lasisin cinye guminta ba ne.

Kada kuma wani ya ɗauka Turawa sun gama da wannan matsala. A bikin Grammy na 2018 a Amurka, da aka yi ƙorafin ƙarancin matan da suka ci, shugaban hukumar na lokacin, Neil Portnow, cewa ya yi matan su ƙara himma, maganar da ta jawo masa ruwan suka. A Ingila, masu gasar Brit sun haɗe rukunin maza da na mata da sunan adalci, sai ga shi a 2023 duka mutum biyar da aka fitar don gwarzon shekara maza ne. Darasin a fili yake: ko ka ware wa mata lungu, ko ka haɗe su da maza, muddin masu ƙirga da masu zaɓe ba su canza ba, sakamakon ba zai canza ba.

Abin da muke nema ba shi da tsada. Mai situdiyo, kada waƙa ta fita daga hannunka sai da sunan duk wanda ya buɗe baki a cikinta, ko laƙabin da ya zaɓa. Mawaƙi, ka rubuta sunan abokiyar aikinka kusa da naka, a yi yarjejeniyar kaso a takarda. Mai gabatar da shiri a rediyo, idan ka sa waƙar mutum biyu, faɗi suna biyu. Masu ba da kambu, ku sa mata a cikin alƙalai, kuma idan waƙar mutum biyu ta ci, mutum biyu su hau dandamali. Mai sharhi, kafin ka danna aikawa, karanta abin da ka rubuta ka tambayi kanka: da namiji ne, zan kawo zancen aurensa? Mu kuma masu gina shafuka mun ɗauki alkawari ba za mu sake miƙa aikin da ke da gurbi ɗaya ba.

A watan Satumban 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mun yi watanni babu Facebook, babu YouTube, babu lissafin wa ya fi tashe. Amma aure bai tsaya ba, suna bai tsaya ba. A cikin gidaje, cikin tsoro da taƙaita taro, mata sun kifa ƙwarya a ruwa sun yi abin da suka gada. Babu wanda ya ƙirga su, babu wanda ya ba su kambu, su ne kuma suka hana garuruwanmu yin tsit.

Gobe idan ka je rumfar tura waƙa, yaro ya ce na wa za a zuba, gwada ce masa, "Zuba mini na matar nan da ke amshi." Idan ya ce bai san sunanta ba, ka ce ya tambayo.