KAZA A KAN DAMI

'Yan'uwa na rassan Magarya, Dungas, Bande, Wacha da Dogo-Dogo,

Magabata sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Damin da mu muke kwana bisansa shi ne arzikin da Allah ya binne a ƙarƙashin ƙasarmu, kuma akwai ilmin da ake gane shi da shi.

Ilmin nan rassa gare shi. Akwai masanin duwatsu, mai faɗin yadda suka jeru da inda ya kamata a tona. Akwai masanin ma'adinai, wanda in ka miƙa masa tsakuwa zai gaya maka ko tama ce, ko zinariya, ko dalma. Akwai mai auna cikin ƙasa da na'ura tun ba a sa diga ba. Akwai kuma masanin ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa.

Kada wani ya ce mu manoman gyaɗa da rake ne, ina ruwanmu. Birnin Damagaram yana zaune bisa dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa, shi ya sa ake jawo masa ruwa daga nesa. Mu kuwa a kwarin Korama rairayi ya riƙe mana ruwa kusa, rijiya ba ta zurfi, lambu yana yi. To, nawa ne yawan ruwan nan? Ta ina kanwa take hawowa ta kashe fadama? Duk wanda ya iya amsa wannan, shi ke riƙe da gonakinmu.

Mu tuna abin da ya faru a arewa. A 1957 masanan Faransa suna neman tagulla a Azelik suka tarar da yuraniyom. A 1971 aka fara fitar da shi daga Arlit. Wanda ya auna shi ya san yawan kaya, wanda ya san yawan kaya kuwa shi ke yanka farashi. A 2021 aka rufe ramin Akuta, a 2025 gwamnati ta mai da kamfanin Somair mallakar ƙasa. Amma karɓar rami bai isa ba. In babu ɗan ƙasa mai karanta taswirar ramin, sai an sake ɗauko baƙo ya karanta mana.

Jahilcin nan har rai yake ci. A Zamfara a 2010, yara fiye da 400 suka mutu domin ana daka dutsen zinariya cikin gidaje, ba a san da dalma a cikinsa ba. A watan Nuwamba na 2021 ramin zinariya ya rufta a Ɗan Isa, jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. Talakawa ne irinmu, neman abinci ya kai su.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe da abu uku.

Na ɗaya, ku nemo yaran da suka iya lissafi a lakwal, maza da mata, ku tsaya musu har su shiga makarantar ma'adinai ta EMIG a Yamai ko ta Agadas.

Na biyu, duk wanda ya zo tona rijiyar burtsatse ko awon ƙasa a garinku, ku roƙi magajin gari ya karɓi takardar abin da aka gani, a karanta wa jama'a da Hausa.

Na uku, ku zauna da maginan rijiya da tsofaffin maƙera, a rubuta abin da suka sani na yumɓu, marmara da tama tun suna da rai.

A karanta wannan takarda a taron ranar kasuwa, kāna a miƙa ta ga reshe na gaba. Allah ya ba mu sa'a.