Matan da ƙidaya ta tsallake

Sau huɗu, a 1992, 1998, 2006 da 2012, masu binciken lafiyar al'umma suka bi Nijar gida-gida. Sun tambayi mata ko sun je awon ciki, ina suka haihu, wa ya karɓi haihuwar. Aka buga rahotanni masu kauri da Faransanci. Sai dai binciken gidajen iyali yake bi, gidan kaso kuwa ba ya cikin lissafi. Matar da ke tsare a Yamai, Maraɗi ko Damagaram, ko da cikinta ya tsufa, babu wanda ya yi mata sallama.

Hujjar da ake fakewa da ita, wai ba su da yawa. Gaskiya ne, a duniya mata ba su wuce kusan 7 cikin 100 na ƴan kaso ba, a Afirka ma ba su kai haka ba. To ai ƙarancin nan shi ne ciwon! Don maza aka gina kaso, aka yaga wa mata wani lungu. Wanda ya tanadi maganin zazzaɓi da na rauni ba lallai ya tuna da haila, ko naƙuda, ko jego ba.

Tsakanin 2005 da 2006 gwamnati ta mai da tiyatar haihuwa, awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Madalla. Amma kyauta ce ta mai ikon takawa zuwa asibiti. Tsararriya sai da izini, sai da mai rakiya, sai da mota, naƙudar tsakar dare kuma ba ta jiran sa hannun shugaban gida. Jaririn da ke goye a bayanta fa, wane alƙali ya yanke masa hukunci?

A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Nijar ke ciki, ta amince da Ƙa'idojin Bankok guda 70: a ba mata audugar haila kyauta, mace ta duba mace in ta nema, kada a ɗaure mai naƙuda. Ƙa'idojin sun kuma nemi a yi bincike. Kowace shekara ɗaliban likitanci na Jami'ar Abdu Mumuni suna neman abin da za su rubuta kundi a kai. Ga shi nan kusa: mata nawa suka haihu a tsare bara, jarirai nawa aka yi wa rigakafi, nawa aka binne. Ma'aikatar shari'a ta buɗe musu ƙofa, ma'aikatar lafiya ta shigar da amsar cikin kasafinta.