Lissafin Likita Ba Hukuncin Ajali Ba Ne

Idan ciwon daji ya tashi daga nono ko huhu ya malala zuwa ƙashin baya, tambayar da 'yan'uwan majinyaci kan yi wa likita ita ce: saura kwana nawa? Mutane da yawa na ganin amsa ta shisshigi ne cikin abin da Allah kaɗai Ya sani. A ganina, wajibi ne likita ya yi kirdado, domin a kansa ne za a zaɓi magani.

A 1990 wani likitan ƙashi na ƙasar Japan, Tokuhashi, ya fito da ma'auni, ya kuma gyara shi a 2005. Abubuwa shida yake dubawa: ƙarfin jikin majinyaci, yawan ƙasusuwan baya da ciwon ya kama, yawan sauran ƙasusuwan da ya taɓa, ko ya kai ga hanta da huhu, inda ya samo asali, da kuma shanyewar ƙafafu. Jimlar maki 15 ce. Ciwon nono yana da maki 5, na huhu ba shi da ko ɗaya. Mai maki 8 ko ƙasa ana zaton ba zai kai wata shida ba; mai 12 zuwa 15 kuwa ana sa masa ran shekara ko fiye.

Amfanin wannan a fili yake. Tiyatar ƙashin baya babban aiki ce, ga tsada, ga doguwar jinya. Wanda kwanansa ya ƙarato, zalunci ne a sa iyalinsa su sayar da gona domin aikin da ba zai more shi ba. Gashi da na'ura da maganin rage zogi sun fi masa. Wanda kuwa ke da sauran ƙarfi, hana shi tiyata asara ce. Binciken Patchell da aka buga a 2005, a kan majinyata 101 waɗanda ciwon ya danne musu laka, ya nuna kashi 84 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa musu tiyata da gashi sun iya tafiya, alhali na gashi kaɗai kashi 57 ne.

Sai dai ma'auni labarin jama'a yake bayarwa, bai san mutum ɗaya ba. An kuma gina shi kafin sababbin magungunan da suka tsawaita kwanan wasu masu ciwon huhu. Saboda haka kada likita ya mai da lamba hukunci.

Kirana ga jama'a shi ne, duk wanda aka taɓa samu da ciwon daji, in ya ji ciwon baya mai tsananta da dare, ko sanyin ƙafafu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ya garzaya asibiti ran nan. Wanda ya je da ƙafarsa shi ya fi sa ran komowa da ita. Tun da sauran ruwa a jika ake neman rijiya.