Ra'ayinmu: Damshin da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya tashi a fadamun Argungu ko Birnin Kebbi ya san yadda manomi ke gane shinkafa ta bushe. Yakan jefa ƙwaya a baki ya ciza, in ya ji ƙas, sai buhu. Haƙori ya ishi manomi, amma bai ishi mai haɗa magani ba.

Sau da yawa, kafin garin magani ya zama ƙwaya, sai an jiƙa shi ya dunƙule, sannan a busar da shi da iska mai zafi. In damshi ya saura da yawa, garin ya manne wa inji, maganin kuma ya lalace tun wa'adinsa bai cika ba. Wanda ya taɓa buɗe tsohuwar kwalbar asfirin, warin tsami ya buge shi, ya san abin da muke faɗi. In kuwa bushewar ta wuce kima, ƙwayar farfashewa za ta yi.

A da, sai a ɗebo garin, a auna, a gasa, a sake aunawa, aiki na tsaye. Yanzu akwai hanya mafi sauri. Bayan launin ja na bakan gizo akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a 1800. Ruwa yana shanye wani sashe nasa, musamman wajen nanomita 1450 da 1940. Sai a haska garin ta wata 'yar taga a jikin inji yana cikin aiki, abin da ya dawo ya nuna yawan damshi nan take. A 2004 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ƙarfafa wa masana'antu irin wannan awo.

Abin sha'awa, a kan hatsi aka raini dabarar. Karl Norris na ma'aikatar noma ta Amurka ya gwada ta a shekarun 1960. Ashe ba baƙuwa ba ce ga ƙasar shinkafa irin tamu, wadda ta sami Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi a 2013, da babbar masana'antar shinkafa a Argungu a 2017.

Saboda haka muna kira ga hukumomin jami'o'inmu, da ku 'yan'uwa ma'aikata masu tsara kasafi, a sayi na'urar nan. In an saya kuma, kada a kulle ta sai ranar zuwan baƙi. A ba ɗalibi ita a hannu, ya fara koyo da shinkafar bana kafin a damƙa masa garin magani.