Masu Tallar Garafuni, Ku Ji Tsoron Allah

Wata murya na ta yawo a WhatsApp, wai a sha garafuni kwana bakwai, ciwon suga ya tafi har abada, a jefar da ƙwayar asibiti. Masu lasifika a tasha ma sun ɗauka. Wannan ƙarya ce, kuma ƙaryar da ke kwantar da mutum.

Ban raina garafuni ba, da ɗacinsa muka tashi a gida. Gaskiya ne yana ɗan sauke suga, Indiyawa ma suna cin ɗan uwansa da suke kira karela. Amma saukewa daban, warkewa daban. Wani dattijonmu ya bar maganinsa wata biyu saboda wannan murya, yanzu karo-karo muke yi masa na jinyar ƙafa.

Wanda ya haɗa shi da insulin ko glibenclamide kuma, sugansa na iya faɗowa ƙasa da 70: gumi, karkarwa, jiri, har suma. Ka tuna da yawanmu direbobi ne da 'yan acaɓa. Mai ciki kada ta kusance shi, ana tsoron ɓari. Yara ma kada a ɗura musu.

Mai jarka zai nuna maka lambar NAFDAC. To, lambar ba shaidar warkarwa ba ce, karanta ƙaramin rubutun jikin kwalbar. Ka tambaye shi cokali nawa, ka ji yadda zai yi ta kame-kame.

In dai sai ka sha, gaya wa likitanka tukuna, ka riƙa awon suga da safe kafin karin kumallo.