Hoton bai canja ba, labarinsa ne ya canja

Idan kana yawan zagaye a TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da shi ba: tsohon zanen wani mutum mai farar fuska fat, jan hanci kamar tumatir, da baki ja da aka ja shi har kusan kunne. Turawa na kiransa kilawun, wato wawan wasa. Sai ka ga an ɗora hoton, an haɗa masa da kiɗa mai tayar da tsikar jiki, mutane na ta rubuta cewa ko kyauta aka ba su ba za su kwana ɗaki ɗaya da shi ba.

To amma ka san cewa irin waɗannan zane-zanen ado ne a da? A tsakiyar ƙarni na 20, a falo da ɗakin yara ake rataye su a Amurka. Red Skelton, wani shahararren ɗan barkwancin talabijin, ya yi ta zana su yana sayarwa da tsada. Fentin da ke jikin allon bai ƙaru ba, bai ragu ba. Me ya faru kenan?

Bari mu koma baya kaɗan. Wanda ake danganta wa wannan farar fuska shi ne Joseph Grimaldi, ɗan wasan Landan da ya rayu daga 1778 zuwa 1837. Ya sa Ingila dariya, amma tsalle-tsalle da faɗuwar da yake yi a dandali sun nakasa masa jiki, ɗansa kuma ya rasu ya bar shi. A 1862 mai zanen Folan, Jan Matejko, ya zana Stanczyk, wawan fadar sarkinsu, zaune shi kaɗai cikin jajayen kaya ya yi jugum, alhali a ɗakin da ke kusa ana ta cashewa. Wannan hoton ma har yau matasa na yaɗa shi idan ransu ya ɓaci. A Amurka kuma Emmett Kelly ya yi suna da Weary Willie, wawa mai tsummokara da fuskar tausayi, wanda ya zama madubin talaucin shekarun 1930. Ka ga kenan tun asali akwai baƙin ciki a ƙarƙashin fentin. Abin da mutane ke ji a lokacin tausayi ne.

Tsoron kansa ma yana da tushe, kada ka raina mai jin sa. A 2008 masu bincike a Jami'ar Sheffield sun tambayi yara 250 'yan shekara 4 zuwa 16 game da adon ɗakunan asibiti, suka gano yaran ba sa son hotunan wawan wasa. A 2023 wasu masanan a Jami'ar South Wales suka tambayi manya 987, fiye da rabinsu suka ce suna jin tsoronsa ko da kaɗan ne. Cikin manyan dalilan akwai fentin da ke ɓoye ainihin yanayin fuska. Mu ai mun daɗe da cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To idan fuskar ta ƙi magana fa? Baki na dariya, ido bai yi ba, kai kuma ba ka san abin da mutumin zai aikata ba. Kwatanta shi da wawan sarki ko ɗan kama na ƙasar Hausa: duk shaƙiyancinsa, fuskarsa a fili take, kowa ya san gidansu.

Sai dai abin da ya mayar da wannan ɗar-ɗar ya zama firgici, labari ne. A Disamban 1978 aka kama John Wayne Gacy a yankin Chicago. Mutum ne da yake shigar wawan wasa da sunan Pogo, yana zuwa bukukuwan yara da taron unguwa. An same shi da laifin kashe samari da yara maza 33. Yana kurkuku ya riƙa zana hotunan Pogo, wasu kuma suna saye. Bayan an zartar masa da hukuncin kisa a 1994, an tara wasu daga cikin zanensa aka banka musu wuta a gaban 'yan'uwan waɗanda ya kashe. A 1986 littafin It na Stephen King ya fito da Pennywise, dodo mai shigar wawa da ke farautar yara, fim ya biyo baya a 1990 da 2017. Wake ɗaya ya ɓata gari, littafi da fim suka ƙarasa.

Ga inda zancen ya zo kanka. A Agustan 2016 wasu yara a Greenville, jihar South Carolina, suka ce wasu masu shigar wawa na kiran su zuwa cikin daji. 'Yan sanda ba su samu kowa ba. Amma cikin makonni kaɗan hotuna da bidiyo suka cika Facebook da Twitter, abin ya tsallaka har Birtaniya da Ostareliya. Wasu matasa suka sayi abin rufe fuska suna razana mutane don a kalle su, wasu suka ƙirƙiri labarin ƙarya, aka rufe wasu makarantu na ɗan lokaci, aka kama wasu saboda barazana da rahoton ƙarya. McDonald's ma sai da ya rage fitar da wawansa, Ronald, bainar jama'a. Masu wannan sana'a da gaske, waɗanda wasunsu asibiti suke zuwa su sa yara marasa lafiya dariya, su suka kwana a ciki: aiki ya ja baya, ana yi musu kallon mugaye. Mafi yawan waɗanda suka hura wutar nan ba su yi komai ba illa danna maɓallin turawa.

Shi ya sa muke cewa ka yi hattara da yatsanka. Duk lokacin da aka turo maka hoto mai tayar da hankali an ce "ku yaɗa", tsaya ka tambayi kanka: a ina aka ɗauka, yaushe, wa ya gani da idonsa? Yau wawan wasa ne a Amurka, gobe baƙo ne a unguwarku da aka ce ɓarawon yara ne, kuma ka san yadda irin wannan ke ƙarewa idan jama'a suka fusata. Haka nan zanen Gacy da wasu ke ɗorawa don neman mabiya: mutum 33 ne a bayansa, kowanne da iyayensa, bai kamata ya zama abin burgewa ba.

Idan kuwa abokinka ne ke tsoron wannan fuska, ka daina tura masa da tsakar dare wai kana wasa. Kalli tsohon zanen idan yana burge ka, ka tsallake shi idan yana tayar maka da hankali. Amma kafin ka tura wa wani, ka tabbatar labarin da ka liƙa masa gaskiya ne.