Ra'ayinmu: Ajiya a Rumbun Wani

'Yan'uwa ɗalibai, abin nan da ake kira "girgije" na'urorin wani kamfani ne kurum a wata ƙasa, mai rumbu kuwa shi ke riƙe da mabuɗi. A 2019 Myspace ya amsa cewa waƙoƙin da jama'a suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta garin sauya na'urori. An ƙiyasta sun kai miliyan 50, masu su kuwa haƙuri kaɗai aka ba su.

Wanda ya fi shafarmu shi ne na Google. A Yulin 2022 ya janye wa makarantu ajiya marar iyaka, ya yanka wa yawancinsu terabait 100, malamai da ɗalibai su raba. In wuri ya ƙure wa jami'a, kayan wa za ta fara sharewa? Na wanda ya gama ya tafi bautar ƙasa mana.

Saboda haka muna kira ga 'yan ajin ƙarshe, lalle kafin sallama su sauke hotunansu, da muryoyin lacca, da hirarrakin bincike ta Google Takeout. A yi kwafi biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wani faifai dabam, a kuma buɗe a tabbata sun sauka lafiya. Data na da tsada, mun sani. A mori intanet ɗin laburare tun katin ɗalibi bai daina aiki ba.